Zo Nasu, Tafi Namu

Teburina yana ƙofar kamfanin robobi a Sharaɗa,
shekara sha ɗaya ina dafa shayi a bakin hanya.
Lau Tan yakan fito bayan la'asar, hannunsa duk baƙin mai,
ya zauna a ƙarshen benci, wajen ƙafar da na ɗaure da waya.
Ba madara, ba sukari, ba ruwansa da burodi,
sai ganyen garinsu cikin gwangwani, da ya ba ni ajiya.

Ran nan na miƙe zan tafi salla,
ya ɗaga kofi ya ce, "Man zo."
Na juyo, na zo, na tsaya ina jiran aike.
Mansura tafinta ta riƙe ciki don dariya:
"Mudi, sallama ya yi maka!
Zo a bakinsu tafi ne.
Cewa ya yi ka taka sannu, kar ka yi wa ƙafa wuya."
Na ce ikon Allah, ashe akwai ƙasar
da kiranmu shi ne rakiya.

Na biya shi da namu: sannu ba ta hana zuwa.
Ya zaro ɗan littafi ya zana ta da ƙananan ƙugiya.
Daga nan ciniki ya buɗe,
kofi ɗaya, karin magana ɗaya.

Manyansu sun zo daga can, an zaga da su a mota mai sanyi,
Kurmi, marinar Ƙofar Mata, duk cikin awa guda,
suka ce sun ga Kano.
Ya taɓe baki: "Kallon fure a kan doki mai sukuwa."
Na ce hangen Dala ba shiga birni ba.
Ya buga benci har shayi ya zuba a riga,
ya ce wannan ta fi tasu, ba ƙarya.

Da aka hana ɗan wana aikin gadi
aka ba ƙanin matar manaja,
ya rage murya ya ce, "Ya bi ta ƙofar baya."
Wannan ban nemi tafinta ba.
Ƙofar nan kafinta ɗaya ya yi ta a duk duniya.

Daren da zai koma gida ya daɗe yana juya kofi.
Tari ya riga ya ci masa ƙirji.
Ya ce akwai wata, amma ba ta da daɗin ji:
"Mutum ya tafi, shayi ya huce."
Na ce wannan a garinku ne, Baba.
Ya yi murmushi, bai yi musu ba,
ya bar mini gwangwanin, ya hau motar filin jirgi da safiya.

Damina biyu ta wuce.
Jiya Mansura ta tsaya a kaina ba sallama,
waya a hannunta, ta ce 'yarsa ce ta rubuto kalma biyu:
"Zo la."
Kunnena ya riga hankalina, na fara share benci.
Ta girgiza kai.
Na tuna, zo a bakinsu tafi ne,
kuma wannan tafiyar ba ta da ranar dawowa.
Mu ma haka muke kauce mata, mu ce ya riga mu gidan gaskiya.

Ganyen ya saura kamar cokali uku.
Na dafa, na ajiye a ƙarshen benci, na sallami masu Indomi,
na dawo na taɓa kofin.
Ya huce. Tsohon bai faɗi ƙarya ba.
Sai na mai da shi buta, na fifita gawayi,
'yan dako suna tambaya wa nake jira.
Man zo, Lau Tan.
Da harshenka nake faɗa, taka sannu.
Abin da yake nufi da nawa harshen kuwa,
na bar shi a zuciya.